Tsuntsu na Bakwai a Bangon Kaka Soja

Na Allah muke, wurinsa za mu koma, da wanda ya yi gaba da wanda ke jiran kira. Kaka Soja ya riga mu wata Litinin da hantsi, a ɗakinsa na Nguru, ni kuwa ina Gashuwa. Kafin motar da na shiga ta cika ta tashi, an yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi. Tabarmi kawai na tarar a ƙofar gida, da takalman mutane.

Na zauna a bayan ƙyauren zaure, inda nake jin maza ta waje, ina jin mata ta ciki. Kowa ya zo sai ya ce ya haƙuri, a shafa fatiha, sannan ya ajiye tasa maganar. Wani Alhaji mai sayar da hatsi, cikin zuriyar Haɗejawan nan na bakin kasuwa, ya ce, "Mutumin kirki ne, bai taɓa shiga sabgar kowa ba. Yaƙi ne dai ya ɗan taɓa shi." Liman ya ce, "Allah ya yafe masa zane-zanen nan, ya sa ba da saninsa ya yi ba." Aka ce amin. Wani tsohon direba kuwa ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa, ya tashi ya tafi ko ruwa bai sha ba.

A cikin gida Goggo cewa ta yi, "Ai ya huta. Mutum ba mata, ba ɗa, sai gwangwanaye." Matar Baffa kuwa, tun tabarmar da aka yi masa wanka a kai ba ta bushe ba, ta leƙa ɗakin ta ce in an shafe bangon nan zai yi wa babban ɗanta daidai. Kafin la'asar maza sun koma hirar jirgin ƙasa da ya daina zuwa, da yadda kifi ya yi ƙaranci bana.

Ban ga laifinsu ba, ba su san komai ba. Ni ce na sani, kuma ni ce na yi masa ɓarnar da ya mutu bai gyara ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ƙanin kakana ne na wajen uba. Ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya dawo a jirgin ƙasa da akwatin ƙarfe ɗaya da kunne ɗaya da ba ya ji. An yi masa aure, matar ba ta shekara ba ta tafi, wai ba za ta iya zama da mutumin da ke wuni bai ce uffan ba. Bai sake ba. Ya zauna a ɗakin da ke kusa da zaure, a gidan da ke cike da mutane, yana cin tuwonsa shi kaɗai.

A bariki ya koyi riƙe buroshi, wajen buga lamba a jikin motocin soja. Da ya dawo sai ya mayar da ita sana'a. Duk babbar motar da ke ɗaukar banda ko gero daga Nguru a shekarun nan, in ka ga bodinta ya yi kyau, hannunsa ne. Wurin aikinsa gindin wata bishiya ce a bayan tasha. Yana dama fenti a gwangwanin madara, yana wanke hannu da kananzir, ƙananan buroshinsa kuma da kansa yake ɗaura su da gashin jelar akuya. Ni ce mai kai masa abincin rana tun ina firamare, don ni kaɗai ce ba na tsoronsa. Kowa ya san wasan jika da kaka.

"Ga uwargida nan," in ji shi in ya hango ni. "Yau ma kin ƙona miyar?"

"Wa zai tsaya dafa wa tsoho mai warin kananzir? Ni na sake ka tun bara."

"Da wannan bakin naki wa zai kwasa? Dawowa za ki yi."

Hirarsa ke nan ta yini guda. In na tsaya kallo, jinkirinsa yakan ishe ni. Zai ja layi ɗaya, ya koma baya, ya zauna ya zuba masa ido. In ce, "Kaka, don Allah ka ƙarasa mana!" Ya ce, "Fenti ba ya son mai sauri. Sai na ƙasa ya bushe ake ɗora na sama." Na ji wannan magana ta fi sau ɗari, ba ta taɓa shiga kaina ba.

Abu biyu ba ya zanawa: mutum da bindiga. Na ga ranar da wani matashin direba ya zo da hoton da ya yanko, wani ƙato ba riga, ya rungumi bindiga, harsasai sun zagaye ƙirjinsa. Ya ce shi yake so a ƙyauren baya.

Kaka ya kalli hoton ya miƙa masa. "Ba na yi."

"Haba Baba, kai da ka yi soja? Ai kai ya kamata ka fi kowa iyawa."

"Kai a majigi ka gan ta. Ni na kwana da ita. In kana son zaki in yi maka zaki, in kana son dawisu in yi maka. Wannan kai wa wani."

Direban ya ce tsohon ya cika taurin kai, ya ja motarsa. Bayan sati biyu ya dawo aka yi masa zaki.

Amma ko zaki ka ce, ko fure, ko masallaci, akwai abin da sai ya ƙara maka ba ka tambaya ba. A ƙasan ƙyauren baya, ta hannun hagu, zai ja kogi shuɗi, ya jera tsuntsaye bakwai a bakinsa: gauraka, dinya, shamuwa, kirinjijiya, jinjimi, balbela, sai zalɓe a ƙarshe, ya ɗan ware daga sauran. Direbobi sun ɗauka tambarinsa ne. Wasu na cewa laƙani ne na tsarin hanya, har akwai wanda ya rantse tun da aka yi masa tsuntsayen bai taɓa faɗuwa ba. 'Yan Gashuwa suna cewa koginsu ne, da tsuntsayen fadamar Dagona da ke kusa da su. Shi dai bai taɓa gyara wa kowa ba.

Irin zanen yana bangon ɗakinsa, babba, daga kusurwa zuwa kusurwa. A ƙarƙashin kowane tsuntsu akwai rubutun ajami da tawadar allo. Ni boko na yi, ajamina bai wuce in haɗa baƙi da ƙyar ba, kuma ban taɓa tsayawa na haɗa ba. Na san dai duk Juma'a in ya dawo masallaci yana rufe ƙofa, a ji yana ƙus-ƙus. Muka ce yaƙin ne ya motsa.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, ina aji biyar a sakandaren kwana a Gashuwa, na zo hutun Babbar Sallah. A gidanmu duk shekara kafin Sallah mata ke gyaran ɗakuna: a kankare bango, a toshe tsaga da sabon yaɓe, a shafa farar ƙasa. Ɗakin Kaka ne kaɗai ba a taɓawa, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini dalili. Da na tambaya Inna ta ce, "Haka muka tarar." A lokacin an kira tsofaffin sojoji tantancewar fansho, ya tafi zai yi kwana huɗu. Na leƙa ɗakin na ga bango ya yi baƙi da hayaƙin fitila, yana ɓarɓashi. Ga shi a Islamiyya an karantar da mu cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗaki mai hoto. Na ce to, tsuntsu biyu da dutse ɗaya, in gyara masa ɗaki in kuma shigo masa da mala'iku.

Ban yi aikin ganin ido ba, wannan kam ba a taɓa zargina da shi ba. Na jiƙa tsumma na wanke bangon, tawadar ta bi ruwa kamar an wanke allo. Na sa guntun ƙarfe na kankare fentin har sai da jar ƙasa ta fito. Na yi yaɓe, na shafa farar ƙasa hannu biyu. Cikin yini ɗaya na gama, ina ta jin daɗin kaina.

Ya dawo da azahar, da jakarsa a kafaɗa. Na bi shi a baya ina jiran tukuici. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya daɗe a tsaye. Sai ya ajiye jakar a hankali, ya je ya dafa bangon da tafin hannu, wajen kusurwar hagu, kamar mai taɓa goshin marar lafiya.

"Wa ya yi aikin nan?"

"Matarka ce. Ka ga yadda ya yi haske?"

"Sannu da aiki," in ji shi. Bai kalle ni ba.

Kwana uku bai je tasha ba. Na riƙa jin ƙarar reza a jikin bango. A rana ta huɗu na kai masa koko, na same shi a tsugune, ya fasa farar ƙasar wuri-wuri, yatsunsa duk sun yanke. Haushi ya kama ni, don ni in na ji kunya haushi take zame mini.

"Wai mene ne a bangon nan? Tsuntsaye ne fa! Ka zana su a mota ɗari, ka sake zanawa mana."

"Tsuntsayen ba komai. Sunayen."

"Sunayen su wa?"

Ranar ya yi maganar da ta fi duk wadda na ji daga bakinsa tun da aka haife ni. Ya ce su takwas ne a jirgin ruwa ɗaya, za su haye babban kogin kudu, ana harbi daga ɗaya gaɓar. Duk cikinsu shi kaɗai ya iya ruwa, don ya taso yana bin masunta. Kafin su shiga har yana yi musu cika baki, yana cewa duk wanda ya faɗa ya kira sunansa kawai. Harbi ya sami jirgin a tsakiyar kogi. Ga takalman soja, ga kaya a baya. Ya ce ya ji ana kiran sunansa ta ko'ina. Mutum ɗaya ya iya cafkowa, ta wuyan riga, ya ja shi har ya fara ganin ciyawar gaɓa. Mutumin ya ruɗe ya maƙale masa wuya, suka nutse tare sau biyu. A na uku Kaka ya ɓamɓare hannunsa ya sake shi.

"Kowanne na ba shi tsuntsun da ya yi kama da shi," in ji shi. "Gauraka ɗan gayu ne, ko a rami sai ya taje kai. Kirinjijiya ba ya rabo da fito. Mutum ba a zana shi, kin sani. Shi ya sa."

Sunayen kuma da tawada ya rubuta, don a cikinsu akwai masu sunan Manzon Allah, ya ce ba zai rubuta wannan suna da fentin mota ba. Duk shekara yana bin sawun rubutun da sabon alƙalami. Duk Juma'a yana karanta su ɗaya bayan ɗaya, da sunan uba da na gari, ya roƙa musu gafara, don ba a sallace su ba, ba kabari, kuma bai san ko an taɓa gaya wa iyayensu ba.

Shida daga cikinsu ya zauna da su fiye da shekara, sunayensu na bakinsa. Zalɓe kuwa sabon kurtu ne, kwana uku da kawo shi. Sau ɗaya ya faɗi cikakken sunansa da ƙauyensu, Kaka ya rubuta a takardar sigari bayan abin ya faru, ya kawo ta gida, ya kwafe a bango, takardar ta ruɓe. Shi ne wanda Kaka ya ɓamɓare hannunsa ya sake shi.

Da ina da hankali shiru zan yi. Sai na ce, "Shekara talatin kana karanta suna duk Juma'a, a ce ba ka haddace ba? Kuma ai ba ka gaya wa kowa ba. Da ka faɗa wa zai taɓa?"

Ya ɗago ya dube ni da idanun nan nasa jajaye. "Ke kina tsammani don in tuna na rubuta? Na ajiye shi a bango ne don kaina ya huta, in samu in yi barci. Nasa ko karantawa nake, idona ne ke karantawa, zuciyata gudu take. Yanzu na neme shi ba ya nan." Ya koma kan rezarsa. "Tafi da kokon, uwargida. Ba na sha."

Ban ba shi haƙuri ba. Na ɗauki kwanon na fita ina ƙunƙuni. Na rubuta wannan ne don a sani.

Ya sake zana bangon, wata biyu yana yi. Ya mayar da sunaye shida. Ƙarƙashin zalɓe ya bar fili.

Daga nan ya fara zuwa Gashuwa ranar kasuwa. Abin da ya riƙe game da kurtun kaɗan ne: dogo ne siriri, yana da wushirya, Hausarsa irin ta Barebarin Manga ce, kuma ya ce ƙauyensu na arewa da Gashuwa, cikin yashi, inda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na guga ba. Kaka zai bi rumfunan masu kanwa da masu dabbobi, ya yi musu gaisuwar wushe da ɗan Barbarcinsa, ya ce, "A garinku akwai wanda ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba?" Matsalar ita ce kowa sai ya ce akwai. Wannan ya ce ƙanin babansa, wancan ya ce mijin yayarsa. Su faɗi suna, Kaka ya rufe ido ya juya sunan a bakinsa, ya girgiza kai. Wasu su ba shi goro, wasu su yi masa kallon taɓaɓɓe.

Wata rana ya biyo makarantarmu da ƙullin soyayyen kifi, rigarsa duk ɗigon fenti. Ƙawayena suka ce, "Wane ne wannan?" Na ce wani mai fenti ne daga garinmu. Ashe kunnensa mai ji ne ke ta wajena. Ya miƙa mini kifin ya ce, "Ga shi in ji mutanen gida," ya juya. Na bi bayansa da kallo har ya fita ƙofar makaranta, shi kaɗai, yana ɗan karkata kai gefe guda yadda ya saba.

A hutun da ya biyo baya ya ɗauke akwatina na makaranta, wanda ya yi tsatsa, ya kankare shi ya yi masa fenti kore, ya rubuta sunana da fari, da furanni a kusurwa. Duk ɗakin kwananmu ba mai irinsa. Na ce, "Tsoho, ashe kana sona." Ya ce, "Ina zan kai ki? Ba mai saye." Iyakar sulhun da muka yi ke nan. Inna ce ta zuba mini kaya a ciki, sai da na koma makaranta na buɗe zan jera su na ga cikin murfin. Kogi ne shuɗi, da zalɓe ɗaya tsaye, ƙarƙashinsa fili. Na rufe da sauri. Ban taɓa yi masa maganar ba, shi ma bai yi mini ba.

Shekara takwas ya yi yana nema. Aikin tasha ya ja baya, aka fara manna hotunan roba a motoci, hannunsa kuma ya fara rawa. Na gama makaranta, na yi aure a Gashuwa, na kama koyarwa a wata firamare. In ya shigo kasuwa yakan biyo ya sha ruwa. Wani lokaci ya ce mini daga nan Dagona zai wuce. Wani masunci ya taɓa gaya wa maigidana cewa akwai wani tsoho da ke zuwa ya zauna a bakin fadama tun hantsi har rana ta karkata, ba ƙugiya ba taru, yana kallon tsuntsaye yana motsa baki. Sunaye yake gwadawa. Zuwansa na ƙarshe na ce, "Kaka, ka haƙura mana. Allah ai ya san sunansa." Ya ce, "Allah ya sani. Ni ne na sake shi, ni ya kamata in kira shi."

Ranar sadakar uku na shiga ɗakin da takarda kafin a zo kwashe kaya. Na zauna na haɗa baƙin nan ɗaya-ɗaya, abin da ban yi ba a lokacin da yake da amfani. Ya ɗauke ni tun safe har azahar, ban tashi ba. Na kai wa Baba takardar na ce ya ba Liman a sa su a addu'a. Baba ya ce, "Su wane ne kuma waɗannan?" Na ce, "Baƙin Kaka ne, shekara kusan arba'in suna gidan nan." Na gaya masa a gajarce. Ya fita da takardar. Daga bayan ƙyaure na ji Liman ya karanta shida, ya tsaya, don a layi na bakwai na rubuta "da abokin tafiyarsu". Ya karanta hakan, aka shafa.

Matar Baffa ta sami ɗakin. Ta ce in zo in taya su shafe bangon tunda an ce na iya. Na ce ta nemi wani.

Har yanzu nakan ga ragowar motocinsa a hanyar Nguru, sun sha lodin tattasai, fentin ya koɗe. In ɗaya ta wuce sai na tsaya na duba kusurwar hagu. Kowace shekara raguwa suke.

To ga abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu, ni da ba na son dogon zance. In kai mutumin arewacin Gashuwa ne, cikin yashi, kuma a gidanku an taɓa yin wani dogo siriri mai wushirya da ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, aka daina jin ɗuriyarsa, ka sani a ruwa ya rasu, ba gudu ya yi ba. Wani ya riƙe shi har iyakar ƙarfinsa, kuma ya yi ta roƙa masa gafara har ranar da shi ma ya tafi. Ka tambayi tsofaffinku tun suna nan. In an sami sunan, a kawo tashar Nguru a ce a kai gidan mai zanen tsuntsaye, direbobi sun sani.

Allah ya jiƙan Kaka Soja, ya yafe masa abin da ruwa ya fi ƙarfinsa a kai, ya haɗa shi da mutanensa bakwai inda ba sai an tambayi suna ba. Ni kuma ya yafe mini saurin hannu.

Akwatin yana ƙarƙashin gadona. Duk Juma'a ina buɗe shi in karanta shida daga takarda. Na sayi tawada da alƙalami na ajiye a ciki, filin da ke ƙarƙashin zalɓe kuma ban taɓa shi ba.